Dangwalen Ba Modu

Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, in kuma ƙarya nake yi Allah Yana gani. A Maiduguri ne, shekarun nan da aka kayar da turakun lantarki gari ya zauna ba wuta wata da watanni. Lokacin ina da ɗan ofis a Wulari, ɗaki ɗaya tsakanin shagon wani tela da na mai katin waya, ina cike wa 'yan kasuwa takardun haraji. Ku lura da kyau, ni ba mai karɓar haraji ba ne, cikewa nake yi in kai in karɓo musu rasit, amma je ka fahimtar da mutanen kasuwa. Ɗan haraji suke ce mini, in na ratsa ta gabansu hira ta mutu, in kuma neman takardar shaida ya taso sai ka ji ana "Mala, Mala" kamar cikinmu ɗaya.

Sana'a ce ta cin rai, kar wanda ya ruɗe ku. Mutum zai kawo maka lissafin shekara guda cur a baƙar leda, rabi a bayan kwalin sukari, rabi da ajami, wani kuma ya ce littafinsa ya ƙone tare da rumfarsa, kuma gaskiya ya faɗa, ka rasa ta ina za ka kama. Ka gama shan wahala ya miƙo maka abin da ko man janareto bai saya, ya bi ka da Allah Ya yi albarka. Amin, amma gidan mai ba sa karɓar addu'a.

To a wannan shekarar ne na ce bari in daina kashe idona a kan biro da takarda, in nemi manhajar da ƙwararru ke aiki da ita a kwamfuta. Kamfani uku suka ba ni gwaji na wata ɗaya kyauta, ba zan kama sunan kowa ba. Ta farko ba ta motsi sai da intanet, a garin da sabis ke zuwa ya tafi kamar baƙon kunya, kwana biyu na watsar da ita. Ta biyu kyakkyawa ce, sai dai da dala ake biyanta, na buga lissafi na ga sai na sayar da babur ɗina in ƙara da kujerar da nake zaune. Ta ukun ce ta kwanta mini, tana aiki ko ba sabis, tana cire rangwame da kanta, aikin da nake yini a kai ta gama shi kafin shayi ya huce. Aibinta ɗaya ne, kuma shi ya ja mini abin da har yau nake ɗauke da shi.

A shafin farko na kowane mutum akwai tambayar matsayinsa, gurbi uku suka yi mata. Yana kasuwanci, ya daina, ya rasu. In ka zaɓi na farko sai ya tabbatar da kansa, ko ta lambar da za a tura wa wayarsa ko ya ɗora yatsa a wata 'yar na'ura. Na biyun ma sai da wasiƙa mai sa hannunsa. Na ukun kuwa kwanan wata kawai take nema. Na kira wakilin kamfanin a Legas na ce, ina gurbin wanda ya ɓata? Ya yi dariya ya ce, oga, mutum ai ko yana raye ko ya mutu. Na ce a garinku ke nan, mu nan muna da na uku, kuma sun fi ƙarfin ƙirga. Ya ce zai sanar da injiniyoyinsu, har yau yana sanarwa.

Cikin mutanena akwai Ba Modu, dillalin raguna ne mazaunin unguwar Dala nan cikin Maiduguri, dattijo mai sanyin magana, ya fi shekara goma ina yi masa aiki. Bai yi boko ba, dangwale yake yi, kuma ko cikin dubu zan gane nasa, domin igiyar rago ta taɓa yanka masa babban yatsa, tabon ya raba zanen gida biyu. Wata rana ya fita sayen raguna wani ƙauye, aka tare motarsu a hanya, shi ke nan. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya kira neman ko sisi.

Shekara uku a jere, duk ƙarshen watan Maris matarsa Ya Falmata za ta zo da kuɗin da ta tara na turaren wuta da humra, ta kwance bakin mayafi ta zube mini, ta ce, "Mala, rubuta yana nan." Na sha gaya mata ba dole ba ne, wanda ba ya ciniki ba a binsa komai, ba ta ji. Ashe ƙannensa ne suka taso ta gaba, a yi masa salla a raba gado a sayar da gidan Dala, ita kuma da 'ya'yanta mata huɗu ba su da wani wurin. Duk sanda suka zo sai ta ɗauko rasit ɗin shekarar ta ajiye a gabansu, ta ce matacce ba ya biyan haraji. A fom na takarda wannan ba wuya, in rubuta yana nan, in buga hatimina a matsayin wakili. Kuma kowace takarda sai na karanta mata ita da Hausa daga sama har ƙasa kafin ta karɓa, haka mijinta ya saba, haka ita ma ta riƙe.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, saura kwana uku a kama azumi, ana gobe wa'adin kai takardu zai cika. Zafi kamar a tanda, man janareto saura ɗan kaɗan, ina ta loda sunayen mutanena a manhajar don in ga ko za ta ɗauke su duka kafin in zuba kuɗina. Na zo kan Ba Modu ta cije. Na zaɓi yana kasuwanci, ta ce a kawo lambar waya, wayar da ta shekara uku a kashe. Na zaɓi ya daina, ta ce wasiƙa. Na ja tsaki na ce, kai, gwaji ne fa, wa zai gani? Na danna ya rasu. Ta nemi kwanan wata, ban tsaya tunani ba na sa na ranar, ta karɓa salin alin ta wuce sunan gaba.

Ban kai ga rubuta sunan gaban ba na ji sallama a bakin ƙofa.

"Wushe, Mala."

Na ɗaga kai, Ba Modu ne. Rana tsaka fa nake gaya muku, ko kiran azahar ba a yi ba, ga ƙarar keken tela ina ji ta bango. Ya rame ya yi baƙi, hularsa zanna ta koɗe har zaren ya fito, ƙafarsa ba takalmi duk ta yi faso, yana warin garke da hayaƙi. Kuma ku ji abin mamaki, ko kaɗan tsoro bai zo mini ba, murna ce ta kama ni, na miƙe ina salati ina jero masa tambaya, yaushe, ta ina, an sani a gida? Ya zauna a ƙarshen benci inda ya saba zama, ya dubi bayan kwamfutar, ba ma fuskarta ba, ya daɗe yana dubanta.

Ya ce, "Mala, ka yi gaggawa."

Na ce gaggawar me, Ba Modu? Sai ya miƙo babban yatsansa ya ce ya zo dangwale ne, na bana. Na jawo fom na takarda da tawada, ya danna yatsan ya ɗora a inda ya saba ɗorawa, har ya ɗan murza shi yadda yake yi. Sannan ya ce, kamar mai jin kunyar roƙo, "Da ruwa?"

Randata ba ko ɗigo, na fita da gudu wajen tela na karɓo leda biyu, tafiyar da ba ta kai taku goma ba. Na dawo benci wayam. Na leƙa titi gabas da yamma, ba kowa sai wani mai kura. Na tambayi tela, wanda ƙofarsa ke kallon tawa a karkace, ya ce tun safe ba wanda ya shiga wurina, ya ma ɗauka da waya nake magana. Na koma ciki, ga fom a kan tebur, ga dangwale, tawadar ko bushewa ba ta yi ba, ga tabon igiya ya raba shi biyu. Na ruga kan kwamfuta in gyara abin da na danna, ta ce wannan gurbin in an rufe ba a buɗewa, ina cikin kokawa da ita janareto ya yi tari ya mutu.

Washegari Ya Falmata ta zo da kuɗinta. Na cike fom ɗin nan da hannu, na rubuta yana nan, na karanta mata, da na juyo shi sai idonta ya sauka a kan dangwalen. Ta ce, "Wannan ai yatsansa ne." Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na ce tsohon fom ne da ya dangwala ya bari tun kafin tafiyarsa, yau na tsinto shi. Ta kai shi kusa da fuskarta ta ce tawadar sabuwa ce. Na ce zafi ne yake tayar da ita. Ta yi murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun mijinta na nan, ta ce ita dai jikinta na ba ta bana zai dawo. Na bar ta ta tafi da wannan, domin ni matsoraci ne, ba wani dalili.

Manhajar kuwa na saye ta, me zan yi, ita ce mai dama-dama a cikin ukun, kuma duk abin da na loda lokacin gwaji ya biyo ta. Sunan Ba Modu kawai nake tsallakewa in na zo kansa.

Sai can bayan babbar salla da 'yan makonni ta sake zuwa, ba lokacin haraji ba. Ta zauna a ƙarshen bencin nan, ta ce wani mutumin ƙauyensu ya kuɓuto daga daji, ya zo har gida ya shaida a gaban liman cewa Ba Modu ya rasu, a gabansa aka yi. An yi masa salla, ƙannensa sun sa gidan a kasuwa, yanzu takardar rufe fayil ake nema. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mala, rufe shi."

Na yi mata ta'aziyya, kaina ya ɗaure, hannuna ne kawai ke aiki. Na buɗe shafinsa, ga shi a rufe tun tuni, na danna bugawa takarda ta fito. Na fara karanta mata kamar kullum, suna, unguwa, sana'a, matsayi, har na zo kan kwanan wata na faɗe shi da lissafin boko. Ta ce wace rana ke nan a namu lissafin? Na ce Laraba, saura kwana uku a kama azumi.

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Mala, ban gaya maka ranar ba."

Sannan ta gaya mini abin da mutumin ya shaida. Duk shekaru ukun nan Ba Modu na raye, kiwo waɗanda suka kama shi suka sa shi, kuma lafiyarsa ƙalau, har shi da mutumin sun shirya guduwa tare in azumi ya shiga. Ranar Larabar nan kafin azahar suna zaune a gindin wata bishiya, ba ciwo ba komai, sai ya jingina ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya cika. Da suka zo yi masa wanka sun ga baƙi a babban yatsansa, sun wanke sun wanke bai fita ba.

Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin mayafi inda take ɗaure kuɗin haraji, ta ajiye mini ladan aikina a kan tebur, ta fita ba sallama. Na ji an sayar da gidan, ta kwashe 'ya'yanta sun koma haya a Galtimari, ko a hanya muka haɗu sai ta sauya gefe.

Na kai maganar gaban malamai biyu, duka suka ce ajali ba ya hannun kowa, ba kuma ya cikin kwamfuta, in yi istigfari in manta. Na yarda, ni Musulmi ne. Amma ba su ne Ba Modu ya kalla ya ce ka yi gaggawa ba. Ko ranarsa ce ta zo ta bi ta yatsana, ko yatsana ne ya kira ta, ban sani ba, kuma na daina tambaya.

Har gobe da manhajar nake aiki, har gobe gurbinta uku ne. Akwai wani kwali a ƙarƙashin teburina na fayil ɗin waɗanda suka fita ba su dawo ba, su da biro nake yi musu, ko za a ce in rufe ofis ba zan loda su ba. Ku kuma da kuke zaune gaban kwamfuta, a asibiti ne ko a banki ko wajen rabon tallafi, in ta matsa muku sai kun cike abin da ba ku da tabbacinsa, ku bar gurbin a buɗe, ta yi ta kukanta. Kar ku ce gwaji ne. Kuma ku riƙa ajiye ruwa a kusa, ni tun daga ranar randata ba ta ƙara kwana ba ruwa ba.