Yaya Surajo Maiguwa da akwatin zaɓen Malbaza

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Surajo Maiguwa a asibitin Madawa, bayan jinyar kwana tara ta hawan jini. An yi masa sutura a Galma, garin haihuwarsa, bayan la'asar. Ya bar matarsa Zali da 'ya'ya biyar. Ni Tanimu, mijin ƙanwarsa Indo, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma ban cancanci haka ba.

Yaya, kai ka kai ni Malbaza ina saurayi, ban san kowa ba. Kana kanikanci a izin, wato masana'antar siminti, ka ajiye ni a ɗakinka wata bakwai muna ci a kwano ɗaya. Duk ɗan Galma ko Bangi da ya sauka tasha bai da masauki, gidanka ake nuna masa. Lokacin da kamyo, babbar motar kaya, ya take ƙafar wani ɗan dako, kai ka goya shi har likita, rigarka sharkaf da jini. Da na nemi auren Indo, dangi suka ce ba ni da abin riƙe mace, kai ka tsaya mini.

Sai zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen 2020 ya zo. Jam'iyyarmu ta sa sunana cikin masu neman kujerar kansila, kuma samuna ko rashina ya rataya kan ƙuri'un unguwar ma'aikata. Kai aka naɗa shugaban rumfar zaɓen unguwar, a lakwal, makarantar boko, saboda kowane ɓangare ya yarda da kai. Na yi murna da jin haka, don na ɗauka akwatin ya zo hannun gida.

Manyanmu sun tara katunan zaɓe na mutanen unguwar da suka tafi bida, wato ci-rani, Abijan da Libiya, suka samo waɗanda za su jefa ƙuri'a da sunansu. Na sani, kuma na amince. Wajen la'asar aka sauke mutum talatin da wani abu a ƙofar lakwal. Na farkonsu ya miƙa kati, ka karanta sunan, ka dubi fuskarsa, ka ce mai wannan suna kai ka raka shi tasha bara. Ka hana su shiga gaba ɗaya.

Aka kira ni, na ja ka bayan aji. Na ce, "Yaya, ka kau da kai mana. Indo da ɗiyanta za ka taimaka." Ka ce, "Tanimu, mutanen ga na san su ɗaya ɗaya, tare munka yi aiki. Suna can suna wahala ƙasar wasu, in bari a sace musu suna? Ba ni yi. Ka tahi gida." Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba, ranar ma ba ka ɗaga ba.

Na faɗi zaɓe da ƙuri'a kaɗan. A gaban matasan jam'iyya na ce surukina ne ya kayar da ni, ya sayar da mu. Ƙarya na yi, kuma na san irin mutanen da nake faɗa wa. Bayan kwana biyu, da safe kana kan hanyar aiki, suka tare ka da sanduna, suka karya maka hannun dama wuri biyu. Jandarma sun same ka a gadon asibiti suna tambaya, ka ce ba ka gane kowa ba. Ka gane su sarai. Ka san in aka kama su, sunana za su ambata, kuma ƙanwarka ce za ta yi ta kai tuwo gidan kaso.

Hannun bai ƙara riƙe ƙarfe ba. Ka ajiye aikin shekara ashirin da biyu, ka koma Galma kana noman albasa da hannun hagu. Shekara huɗu ban taka gidanka ba. Da farko fushi ne, daga baya kunya. Amma duk shekara buhun albasa yana sauka ƙofar gidana, mai mota ya ce in ji Malam, a gaida Tanimu. Na ci albasar nan, ban aika ko gaisuwa ba.

Da labarin ciwonka ya zo, na tafi Madawa ran kwana na takwas. Na tarar bakinka ya karkace, ba ka magana. Na durƙusa na ce ka yafe mini. Ka dube ni tsawon lokaci, hawaye na zuba gefen idonka. Ban san abin da kake son faɗa ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da muka tsaya gaban Allah.

A zaman makoki Zali ta yi mini godiya don na zo, ta ce har ka rasu ba ka gaya musu wanda ya jawo maka duka ba. Zali, da ku 'ya'yansa, Anas da Mardiya da ƙannenku: bakina ne ya jawo. Na rubuta wannan ne don ku sani, kuma a san cewa mahaifinku bai sayar da kowa ba. Abin da kuka ga dama ku yi da ni, na karɓa.

Ya Allah, bawanka Surajo ya zo maka da hannun da aka karya saboda ya ƙi cin amana. Ka jiƙansa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi littafinsa a wannan hannun na dama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zali da 'ya'yanta, ga Indo, da jama'ar Galma da unguwar ma'aikata ta Malbaza. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku sa ni cikin addu'a, domin na fi shi bukatarta.