Na Je Neman Dawa Mai Tsiro

Kano zuwa Kazaure

Ana idar da sallar asuba na bar gidan Inna a Kano, ko kunu ban tsaya sha ba. Abin da ta sani kawai, ina aiki a wani kamfanin kayan sha a Abuja. Ban taɓa iya buɗe baki na ce mata ƙaramin kamfanin giya ba ne, wanda na samu bayan na gaji da yawo da takardar digiri. Kwas aka sa mu, wanda ya ci a tabbatar masa da aiki, wanda ya faɗi ya kama gabansa. Jarrabawar ƙarshe kuwa, Madam Rifkatu mai koyar da mu ta ce kowa ya nemo dawa, ya jiƙa ta, ya fitar da tsiro, don da tsiron ake dafa giyar.

A motar Kazaure mu huɗu ne a kujerar baya, ga buhun wani a kan ƙafata. A shingen da ke gaban Dambatta ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Malam, ina zuwa?" Na ce zumunci. Wajen ƙarfe takwas duwatsun Kazaure suka bayyana. Na sha shayi da ƙosai a bakin tasha, na hau acaɓa.

Roni

Kaka ta wuce, dawa ta cika kasuwa. Na tsuguna gaban wani dattijo na damƙi ƙwayar, na tambaye shi ko tana tsiro sosai.

Ya dube ni, ya dubi sama. "Shuka za ka yi da ranin nan, samari?"

"Kunun zaƙi ne, Baba. Buhu guda nake so."

"Buhu guda?" Ya janye kwanon awonsa a hankali. "Masu tambayar tsiro kafin damina ba daga nan suke zuwa ba. Allah ya shirye mu baki ɗaya."

Bai ɗaga murya ba, amma ji na yi kamar duk kasuwar ta juyo. Na miƙe na bar wurin ba ko sallama.

Gwiwa

Da la'asar na sauka ƙauyen Kawu Sale, yayan Inna. Aka yi mini shimfiɗa a zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu har yana kwaranya. Ya yi ta tsokanata wai Abuja ta ramar da ni. Da na faɗi abin da nake nema, na sake jawo ƙaryar kunu.

"A kasuwa ka je nema, ga gidanku?"

Da safe Kawu, duk da tsufansa, ya hau rumbu da kansa. Bai taɓa dawar ci ba. Zangarnun da ya ware don iri ya sauko da su, irin da ya gada wurin kakanmu. Na ce, "Kawu, na shuka ne fa." Ya ce ya rage abin da zai ishe shi. Na sa hannu a aljihu, ya ɓata rai. Ya zuba su a buhu, ya ɗaure bakinsa, ya dafa shi.

"Na fitar mata da zakka tun a gona, tsarkakakkiya ce. Duk mai ƙishin da ya sha, ni ma ina da lada."

Na ce amin. Wallahi na so na ajiye buhun nan. Sai na tuna aiki, na ɗora shi a bayan babur, kaina a sunkuye har Kazaure.

Komawa

Ban biya ta gidan Inna ba, don tana ganin ƙwayar za ta gane ta. Daga tashar Kano na shiga motar Abuja, muka isa bayan magariba lafiya.

Dawar ta yi tsiron da ba a taɓa gani ba a kamfanin, kusan babu ƙwayar da ta ƙi. Na ci jarrabawa, aka tabbatar mini da aiki. Madam Rifkatu ta ce al'adar ƙananan kamfanoni ce su karrama manomi, su buga sunansa da na garinsa a jikin kwalba. Ta ɗauko biro ta ce, "Yaya sunan kawun naka?"

Na ce mata a kasuwa na saya, ban san mai ita ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobi da 'yan acaɓa. Kawu Sale ne kaɗai har yau na kasa kira in yi masa godiya.