Kirsimetin Da Masu Tulu Suka Wuce Ƙofarmu Shiru

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, Kirsimetin shekarar da kyanda ta shigo ƙauyenmu ba za ta fita ba sai ranar da aka rufe ni. Ƙauyen yana wajen Tabanni, a ƙasar Birnin Gwari, daji ya kewaye mu ta ko'ina. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina gidan miji da 'yata guda, wadda ko famfarar haƙori ba ta fara ba.

Mu Musulmi ne, amma danga ɗaya ce ta raba mu da wani gidan Kirista 'yan Gbagyi. Duk Kirsimeti maigidan can yakan jawo akuyarsa ya kira mijina ya yanka, don mu ma mu ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Ni dai gaskiya ba naman ne ya dame ni ba, waƙar ce. In an taso daga coci da hantsi, matansu sukan bi gida-gida suna buga tulu da caki, matar maƙwabcin namu tana bayarwa suna amsawa. Sun san ni mayyar waƙa ce, saboda haka in sun iso ƙofarmu sai sun daɗe. Ni kuma sai in ja turmi jikin danga wai ina surfe, alhali tsabar ma ba ta san ana yi ba. Surukata, uwar mijina, takan yi ta mita cewa masu tulun nan sun hana kaji ma sakat, amma ban taɓa ganin ta mayar da kwanon shinkafarsu ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar nan takan kife ƙwarya ta yi ta bugu, tana rera amshin wata waƙarsu ta makiyayan da aka yi wa albishir da haihuwar Annabi Isa. Ina jin daɗi a raina, amma ban isa in nuna ba, domin 'yar fari ce. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, a ɗakin kakarta take kwana, har ma Yaya take ce mini.

Da kyanda ta zo, gidaje kaɗan ta tsallake. Ita kanta mai ba da waƙar ta binne ƙaramin ɗanta ana saura 'yan kwanaki bikinsu. Tawa ma ta kwanta. Ubanta ya goya ta a keke ya ratsa daji har disfensare, wato ɗakin shan magani, a Birnin Gwari, aka yi mata allura, amma suka dawo jiya i yau. Idanunta suka manne, tari ya sarƙe ta, tsofaffi suka ce ciwon ya koma ciki.

Ranar Kirsimeti da safe na kai kunu ɗakin surukata, na tsaya daga bakin ƙofa kamar kullum. Yarinyar ta gane takuna, ta ce, "Yaya, yau masu tulu za su zo?" Na miƙa kunun ciki. Kakarta ce ta amsa mata cewa za su zo mana, ta dai sha kunu tukuna.

Can muka fara jiyo kiɗan daga nesa, yana matsowa gida bayan gida. Ina kallon 'yan yatsunta suna motsi a kan tabarma. Amma da suka kawo gindin tsamiyar da ke gab da gidanmu, sai kiɗan ya ɗauke ɗif. Na leƙa ta kafar danga. Ga su nan suna wucewa a jere, ba mai ko tari, tulunan a kafaɗa yadda suke ɗaukar kaya, cakin an naɗe shi cikin zane don kada ya yi ƙara. Kara suka yi mana, sun san akwai mara lafiya a gidan.

Na ji yarinyar tana tambaya ko sun wuce ne. Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na wannan lokaci ba. Ina so in ƙwala musu kira, amma ta yaya zan buɗe baki a kan 'yar fari a gaban uwar mijina?

Sai ga tsohuwar ta fito fuu, ba takalmi, ba mayafi, ta yi waje. Ina jin ta tana tambayarsu laifin da ƙofarmu ta yi musu bana. Maƙwabciyar ta russuna ta ce, "Iya, ba laifi. Mun ga yarinya tana kwance, shi ya sa."

"Ai mai kwanciyar ce ke cigiyarku. Ku shigo har ciki."

Ba su taɓa wuce zaure da tulunansu ba sai ranar. Suka zagaye tsakar gida, suka fara waƙar makiyayan a hankali. Muryar mai bayarwar tana rawa, hawaye na zuba, amma ba ta tsaya ba. Surukata ta ɗauko yarinyar cak, ta ɗora mini ita a cinya, ta ce, "Riƙe 'yarki. Yau ba ranar kunya ba ce."

Na rungume ta, jikinta zafi rau, na kira sunanta a kunnenta, karo na farko tun da na haife ta. Ta ɗan murmusa, tana buga amshin da yatsa a hannuna. Ba ta ga sabuwar shekara ba.

Na haifi wasu bayanta, na ga jikoki, kuma duk na kira su da sunansu tun ranar suna. Har gobe in Kirsimeti ta zo na ji waƙoƙin nan a rediyo, ba na kashewa, sai dai in nemi wuri in zauna. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kara da kunya abin kirki ne, amma in aka bar su su kaɗai sukan hana mai jinya abin da ya fi so. Da tsohuwar nan ta tsaya neman mayafinta, da 'yata ta tafi ba ta ji waƙarta ba, ba ta kuma ji sunanta daga bakin uwarta ba.