Kan Sarki Mai Tsuntsu

Duk ranar Litinin sai ya zo gidan waya, ya tsaya a tagar Saratu mai sayar da kan sarki. Ba ta san sunansa ba. Dattijo ne dogo, sanye da kwat wadda guga ta cinye wuyanta. Daga tsayuwarsa take zaton tsohon soja ne.

Ba ya karɓar wanda aka miƙo masa. Sai ta buɗe masa littafin gaba ɗaya, ya gyara tabarau, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, mutanen layi suna ta tsaki.

Wannan Litinin ɗin ma haka ya yi, sannan ya ce, "Ba ni mai tsuntsun nan, 'yata. Ɗana Irmiya tun yana ƙarami yake son tsuntsaye."

Ya taɓa shi a harshe, ya ɗora a kan ambulan, ya danne da babban yatsa yana murmushi. Adireshin na kullum ne: Kofur Irmiya, cikin sojojin da aka tura Laberiya. Bayan ambulan kuwa fari fat, bai taɓa rubuta nasa adireshin ba.

Shi ya sa wasiƙunsa shida da suka dawo ranar Juma'a suka rasa wurin zuwa. Suna cikin kwali ƙarƙashin teburinta, ba a buɗe ko ɗaya ba, an ja jan layi a kan sunan kofur ɗin.

Ƙafarta na taɓa kwalin. Ta buɗe baki ke nan za ta gaya masa, ya riga ta.

"Ƙaro mini guda, 'yata. Hanyar da nisa."