Sunan Gwamna a Bakin Ruwa

Namfamo masassaƙin dutse ne a wani garin tudu na ƙasar Numidiya, a arewacin Afirka, zamanin mulkin Rumawa. Karatu kam ko ɗigo bai iya ba. Magatakarda ya zana haruffa da jan fenti, shi ya bi da guduma da ƙarfe, haka ya kwashe shekara arba'in. Duk abin da aka gina a zamanin Gwamna Wetiliyus, gada ce ko kasuwa, hannun Namfamo ne ya sassaƙa "shi ya gina". Gina fa! Mutumin da ko tsakuwa bai taɓa ɗagawa ba.

Alheri ɗaya gwamnan ya yi masa: ya mai da shi ɗan ƙasar Rum. A al'ada, wanda aka yi wa haka sunan gwamna gidansa ke ɗauka, shi ya sa ɗansa tilo ya tashi ana ce masa Wetiliyus.

Ɗan ya girma ya zama magini. Ana haƙa ramin jawo ruwa ta cikin dutse, ramin ya rufta da shi. Ba gawa, ba kabari. Da ruwa ya iso gari, Namfamo ya sassaƙa allon yabon gwamna a wurin ɗiba, sannan ya kamo hannun matarsa Arishat ya ɗora kan haruffan.

"Ga sunan ɗanki nan," ya ce.

Tun daga ranar ba ta cika tulu sai ta shafa wurin. Mata na tsokanarta: "Arishat, ko dai gwamnan kike so?" Takan ce, "Ku ɗebi ruwanku ku ba ni wuri." Har idonta ya mutu ba ta fasa ba.

Kwatsam wata rana sai ga soja wurin Namfamo.

"Tsoho, Sarkin Rum ya ce gwamnan nan maci amana ne. A kankare sunansa ko'ina. Kai ka rubuta, kai za ka goge."

"Ranka ya daɗe, a bar mini na bakin ruwa, guda ɗaya tak."

"A bar maka kanka dai, in kana so."

Ya kankare na gada, ya kankare na kasuwa. Na bakin ruwa ya bari ƙarshe, shi ma ya kankare. A gida ya kasa gaya wa Arishat.

Da safe Arishat ta lalubo allon. Ta daɗe tana shafa gurbin, shi yana tsaye bayanta.

"Maigida," ta ce, ba ta juyo ba, "aikinka ne. Duk garin nan babu mai goge dutse sumul haka sai kai."