Wuyan Ja'afaru

Bahago, wanzamin Ƙofar Kibo, ko bihim bai sani ba a karatu, amma shekara talatin ya yi yana riƙe kawunan mutane, ga shi da zuciya a kusa. A bazarar 1950, da sanƙarau ya shigo birni, Malam Lawal mai sayar da farin yadin alawayyo ya aika a kira shi ya yi wa ɗansa Ja'afaru ƙaho. Yaro ɗan shekara takwas, kwana uku ke nan yana fama da zazzaɓi da ciwon kai.

"Jini ne ya hau masa kai," in ji Malam Lawal. "Zuƙe shi kawai."

Bahago ya dafa kan yaron zai sunkuyar da shi ya kafa ƙaho a ƙeya. Wuya ya ƙi. Ya sake gwadawa a hankali, yaron ya ƙwalla ƙara, ya naɗe gwiwoyi. Bahago ya ɗage asabarin ƙofa, haske ya shigo, yaron ya runtse ido kamar an watsa masa barkono.

"Malam, yaushe wuyan nan ya sanƙare?"

Malam Lawal ya kau da kai. Ashe sun sani! Tsoronsu kada a kai yaron bukkokin bayan ganuwa inda ake killace masu cutar, a ce sanƙarau ya shiga gidan mutunci. Allah ya raba mu da irin wannan mutunci.

"Rufa mana asiri, Bahago," in ji uban.

"Ɗanka na mutuwa ka kira ni wasa da ƙaho? Kabari zai rufa maka, ba ni ba!"

Ya yar da zabirarsa, ya saɓi yaron a kafaɗa, ya ratsa unguwa da rana tsaka har wurin malamin asibiti, aka shiga yi masa allura.

Ja'afaru ya rayu, amma ya kurmance. Malamin asibiti ya ce kwana ukun nan ne suka cinye kunnuwan. Malam Lawal kuwa, don rashin kunya, ya bi zaure-zaure yana cewa shisshigin wanzami ne ya jawo. Rabin unguwa suka daina kiran Bahago aski da suna. Shi kuwa Bahago ko sau ɗaya bai ba da haƙuri ba.

Shi dai Ja'afaru duk Juma'a sai ya zo da ƙafarsa ya zauna a tabarmar Bahago. Tsohon na aski yana zagin uban da ƙarfi, maƙwabta na ji, hawaye na bin gemunsa. Yaron ya ɗago ya ga baki na motsi, sai ya yi murmushi, a zatonsa waƙa ake yi masa.