Inna Dorcas, Ba Zan Ajiye Shi Ba

Jama'a, Inna Dorcas ungozoma ta rasu jiya Alhamis, tara ga Mayu, da hantsi. Ni Keziah ce, mai wanki a gidan Gwamna. Ban iya tsara magana ba, ku yi haƙuri. Inna, da ke nake.

A jirgin farko kika zo tsibirin nan, lokacin da Sarkin Ingila ya ba gidan Wexcombe shi kyauta, kamar ana ba yaro kaza. Ku kuka sare dajin, ku kuka ci ɗanyen rogo, ku kuka binne mutane. Babban Wexcombe kuwa har yau bai tako ƙasar nan ba. Ƙanensa ya aiko yana mulki a matsayin Gwamna, ya kuma aiko da kujerarsa ta kansa aka kafa a coci. Duk jaririn da za a yi wa baftisma, sai an fara kwantar da shi a kujerar nan. Shi ke nan, ya zama na gidan Wexcombe. Yana tasawa a zo a tafi da shi gonar rake.

Bara kika ƙi ajiye jikanki a kujerar. Barnaby wakilin Gwamna ya taso yana huci: "Ke tsohuwa, ajiye shi!"

Kika ce, "Kai Barnaby, ni na yanke maka cibiya, har ka tsula min fitsari a zane. Kujera ce ta yi naƙudarsa?"

Coci ya kwashe da dariya. Sun rushe miki ɗaki, amma yaron yana nan wajen uwarsa.

Da na haifi Silas, ke kika dama min kunu, kika gasa min ciki. Kika ce, "Ɗiyata, daina kuka, ran Lahadin baftisma ni zan riƙe shi." To, Inna, ga Lahadin ta kusa, ke kin tafi. Barnaby ya tare ni a rijiya yana murmushi, wai sai mun haɗu a coci. Tsoro nake ji, har nonona ya ɗauke. Na ga gadon bayan waɗanda aka yi wa bulala.

Allah ya jiƙanki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Baba Jethro maigidanta, da ku 'ya'yanta da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri.

Barnaby, na gan ka can bayan itace, ka ji da kyau. Jibi zan shigo coci da ɗana a hannu. Ba zan ajiye shi a kujerar ba, kowa zai gani. A hannun nan zan fita da shi.